Awon Dare a Keji na Bakwai

Ƙarfe biyu na dare aka ɗauke wuta a Kabuga.
Janareto ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
Na zura safar hannu, na ɗaga murfin keji na bakwai:
'ya'ya tara, jajur, kamar gyaɗar da aka ɓare yanzu,
ba gashi, ba ido, kunne manne da kai.

Giram ɗaya da rabi.
Ɓarin goro ya fi shi nauyi.
Ta fatar cikinsa ina hango nonon da ya sha,
ɗigo ɗaya, fari, yana motsi da numfashinsa.
Na rubuta: ya sha.

Dakta Barira ta raba iyayen gida biyu,
wasu ta cika musu sinadarin ƙarfe a abinci, wasu ta rage.
Tambayarta ba ta da tsawo:
in jinin uwa ya yi ƙasa, me ɗa yake rasawa,
kuma a wace rana?
Ni nawa aikin agogo ne da biro.
In kwantar da jinjiri rigingine,
in ƙirga daƙiƙa nawa zai yi yana shure-shure
kafin ya gane ina ne ƙasa.
Na keji na uku, biyar.
Na keji na bakwai, sai na ƙirga har talatin,
na sa yatsa na juya shi da kaina.

A gidanmu na Gwale
Iya Kande na ɗana tarko bayan buhun gero,
da ɗan ƙuli-ƙuli a bakinsa.
Ta ce, «Duk bokon nan, Sidi,
ashe renon ɓera za ka ƙare?»
Na yi dariya na karɓi kokona.
Ban tuna mata tafin hannun Hajjo ba,
fari fat ranar da ta haihu,
ko ɗanta da ya cika wata goma
sai an tokare shi da filo yake zama.

Kwana huɗu, kunne ya ɓalle.
Kwana bakwai, gashi ya fara toho, laushi kamar rimi.
Kwana goma sha huɗu, ido.
Takwas sun buɗe, baƙaƙe, ƙanana kamar ƙwayar riɗi da aka soya ta ƙone.
Na taran, mai shuɗin tawada a wutsiya,
yana lalube, yana bin ɗumin 'yan'uwansa da hanci.

An hana mu raɗa musu suna.
Na san dalili:
ran ashirin da ɗaya akwai wuƙa siririya,
da gilashi, da madubin ƙara girma.
Duk da haka a raina Auta nake ce masa.

Ladanin hanyar Gwarzo ya fara gyaran murya.
Na sake ɗaga murfi kafin in tafi alwala.
Idon hagu ya tsage, kamar bakin allura.
Na duba agogo, biyar saura kwata,
na rubuta,
na ja layi a ƙarƙashi har biro ya huda takardar.