Aljihu Goma Sha Ɗaya

Sha biyu aka yi ciniki, yadi ya ƙare.
Tela Mutawakkilu na Aboabo ne ya ɗinka wa Baba Gariba ita,
falmaran ta yadin tanti, ruwan ƙasa,
gishirin zufa ya zana mata taswira a gadon baya.

Ya san aljihunta kamar yadda harshe ya san haƙora:
batir a hagu, daidai zuciya,
dogon gilashi a kan haƙarƙari,
ƙyallen gogewa, rasit, ɓarin goro,
sai wani can ciki
da ban taɓa ganin ya sa masa hannu ba.

"Lantana," yakan ce, "jaka maƙwabciya ce,
sai kin yi sallama take ba ki aro.
Kafin ki sauke, ki ja zif, ki laluba,
amarya ta gama dariyarta, ta koma kunya."

Ni kuwa jaka nake rataye,
baƙa, irin ta masu zuwa awo asibiti.
Ta karkatar mini da kafaɗar dama,
yaron tiro-tiro ya taɓa cewa in biya mata kujera.
Amma ba mai kallona.
Shi tun daga bakin titi ake ganinsa,
ƙirji tsiri-tsiri kamar buhun doya,
yara na ihu, "Hoto! Hoto!"
mata na gyara ɗankwali,
mahauci na ɓoye wuƙa, yana neman sidi biyar.

Na ce, "Baba, rigarka ganga ce.
Wa ke farauta da ganga?"
Ya tofar da goro bai tanka ba.

Wata Laraba a Kejetiya, ruwa ya ɗauke kenan,
muka ga 'yar dako ta naɗe cikin kwanonta tana barci,
farar kaza, wa ya san ta wane ne,
ta hau gefen kwanon tana gadinta.
Hannunsa ya kai aljihu kafin in haɗiye miyau.
Wani yaro ya ce, "Hoto!"
Ta zabura, ta ƙame kamar kurtun soja.
Ni ba wanda ya gan ni,
zif ne ya ci bakin hijabina.
Ya samu hoton da ba shi ba ne.
Ni ban samu komai ba.
Muka hau mota zuwa Asawase, ba mai ce wa wani uffan.

Bara yana ta rufe masa ido.
Yanzu yana zaune ƙofar shago, rediyo a cinya,
yana gane mutane da takunsu.
Ya miƙo mini ita a leda, ya ce, "Kai wa ɗan Mutawakkilu,
ya rage hammata. Kada ya taɓa aljihun."

Ƙarƙashin hijabi nake sa ta.
Zafin Kumasi yakan dafa ni kamar dambu a madambaci,
na kuma yi ƙiba a idon dangi.
Amma in na zura hannu ciki,
kowa ya ɗauka lalita nake nema zan biya tumatir,
sai dai su ji ƙyas.

Aljihun nan na ciki, na gwada shi daren farko.
Yatsuna suka fito ta ƙasa.
Na tambaye shi. Ya yi dariya har da tari:
"Tun satin farko ya huje.
Kunyar koma wa tela na ji."

Jakar tana nan, ban yar ba.
Ruwan leda nake zubawa ciki, da sallaya,
da ƙosan da nake kai masa da yamma.
Kafaɗar ma ba ta koma daidai ba.
Yakan ji ni tun daga kwana ya ce,
"Ga Lantana nan, ƙafa ɗaya ta fi nauyi."