Kwali a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Ranar da aboboya ta take Wake-wake a bakin kwatar Aboabo
kwananta goma sha takwas tana kwanci.
Ruwa kawai ta fito sha.
Direban ya ba ni haƙuri, ya miƙo sidi ashirin,
na karɓa, tunda tukunya ba ta zaman makoki.

Ƙwai tara ta bari a gurbi da sauran ɗuminsu.
Na ce a zubar.
Adiza ta tare ƙofa, ita da shekarunta bakwai,
ta ce, "Baba, akwai mutane a ciki."

Ni tela ne.
Abin da na sani allura da awo da masu cin bashi.
Amma na zazzage kwalin madara,
na shimfiɗa ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin sallar bara,
na rataya ƙwan lantarki a kai,
na ajiye ruwa a gwangwanin tumatir don kada ɓawo ya bushe,
yadda Maame Akosua mai dokunu ta koya mini ta kan katanga,
rabi da Tonanci, rabi da Hausar kasuwa.

Daren farko aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi ihu, ta koma shiru.
Na hura gawayi a tsohon dutsen guga,
na naɗe shi da zane, na jingina da kwali,
ina taɓawa da bayan hannu
kamar mai auna zazzaɓin yaro.
Ni da gemuna, ina kwanci.

A dare na uku, kafin ladan ya gyara murya,
wani abu ya yi magana daga cikin ƙwai.
Ƙaramar murya, ba ta kai tsinin allura ba.
Sai tsaga. Sai baki.
Adiza ta kai hannu, na riƙe.
"Bar shi ya buɗe da kansa."
Muka zauna har koko ya huce a kwano
kafin ya faɗo, jiƙe sharkaf, mummuna,
kamar zaren da aka tsamo daga kwata.
Da hantsi ya zama auduga mai ƙafa.

Shida suka fito.
Biyu baragurbi ne.
Ɗaya ya huda ɓawo, ya ga haske, ya tsaya nan.
Mun binne shi a gindin gwanda, ban san da wace addu'a ba.

Sai hidima.
Tsakin masara da safe, dusa da rana,
tsakuwa a farantin ruwa don kada su nutse,
galura a bayansu saboda shirwar da ke shawagi daga mahauta,
har suka koma ja kamar 'yan biki.
Duk da haka gafiya ta ɗauki ɗaya.
Ruwan Yuni ya tafi da ɗaya ta ƙarƙashin ƙofa,
Adiza ta bi kwata da gudu har gada.

Saura huɗu, kuma sun yanke cewa keken ɗinki ne uwarsu.
Da na taka, sai su taho.
Su kwanta a kan ƙafata, a kan mataki,
dole in sassauta, dole in tsaya.
Kaftanin Alhaji Inusa ya yi mako biyu babu hannu ɗaya.
Ya zo, ya leƙa ƙarƙashin keke, ya ja tsaki.
Na ce, "Alhaji, tsaki a gidan nan abinci ne."

Yanzu galura ta koɗe, fiffike ya fito.
Jiya ɗaya ya hau kan bokiti ya gwada cara,
muryar ta karye a tsakiya kamar tsohon zik.
Duk Adiza ta raɗa musu suna.
Na san abin da ake faɗa game da sabo da kaza,
ban dai gaya mata ba tukuna.

Ƙaramar cikinsu wake-wake ce.
In ta nufi bakin kwata
sai in ajiye almakashi in tashi.