Tela a Ƙofar Bariki

Shekara talatin ba ɗaya ina nan,
ƙofar barikin Giginya, gindin dogon yaro,
ni da kekena mai ƙafa da koren zare.
Ban taɓa riƙa bindiga ba,
amma na san soja ta inda rigarsa take mutuwa.

Jiya da la'asar sai ga Arzika, ɗan ƙanwata,
ya jingine babur ɗin haya, ya miƙo mini waya:
"Kawu, an buɗe ɗibar soja.
Ƙasa, ruwa, sama, wane ya hi kyawon kaya?"

Na ce ja benci.
Ko tukunya ce sai an ƙwanƙwasa ake biya.

Na zaro wando daga kwando.
Duba gwiwa. Sa yatsanka, ya wuce ko?
Wannan na sojan ƙasa ne.
Tsakuwa ta ci rabonta, ƙaya ta ci,
ƙarangiya har cikin ɗinkin aljihu.
Mai shi ya kwana huɗu a rami, can dajin gabas,
in mota ta ƙi, ƙafarsa ce mota.
Cikinsu akwai mai igwa, akwai mai gina gada,
mai ɗaure rauni, mai dafa waken mutum ɗari.
Kowa da alamarsa, ni nake lika musu,
sai dai rana guda take dukansu duka.

Na ruwa kuwa, sau uku tak na taɓa kayansu.
Wani ɗan Kwalkwalawa ya zo hutu,
fari fat kamar ango,
amma gishiri ya cinye zaren maɓalli.
Ya ce mini wata biyu bai ga itace ba,
makon farko kansa na cikin bokiti.
Kai da kake taƙamar ƙetare Rima da rani,
ruwa iya cibiya,
ka taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake?

Ya yi dariya. "To sama. Ni dai in tashi."

Na shimfiɗa masa shuɗiyar rigar aiki,
baƙin mai a ƙirji, sabulu ya gaji ya bari.
Mai wannan shekararsa tara da jirgi,
bai taɓa zama kujerar gaba ba.
Shi yake ɗaure noti, shi yake sa hannu
kafin matuƙi ya taka tsani.
Mutum guda na tashi, taro na ƙasa da sifana.
Kuma can lissafi suke tambaya,
ni ko na ga takardar jarrabawarka.

Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Bai tambaye ni jakar da ke rataye bayan keke ba,
ni ma ban sauko da ita ba.
Wandon Kofur Istifanus ne a ciki.
Na rage masa tsawo, ya biya rabi,
ya ce sai Juma'a.
Damina uku ke nan ina kaɗe mata ƙura.

Na ce ka tafi Mabera, ka nemi Saje Mode mai ritaya,
yana sayar da gawayi kusa da masallaci.
Kar ka tambaye shi ranar fareti.
Tambaye shi Talata da asuba me ake yi,
ina ake tura mutum, wata nawa ba gida,
wa ke zuwa ya gaya wa uwa in an rasa.
Sannan ka gaya wa taka uwar
kafin yatsanka ya danna komai.

Ya miƙe, ya tsaya ƙyam kamar yadda ya gani a waya:
"To auna ni dai, Kawu."

Na auna.
Ƙirji talatin da shida, tsawo arba'in da ɗaya.
Na rubuta da alli a bangon shago,
ƙarƙashin sunayen masu bashi.
Wurin launin yadi na bar shi fili.