Taku Ɗari Huɗu da Sha Ɗaya

Na cire takalmi a matakala ta bakwai,
ɗan yatsa ya yi bororo tun daga tashar jirgin ƙasa.
Dutsen ya sha rana, ya gasa mini tafin ƙafa.
Na ce to, na ji, ni ne baƙo.

Ganuwar Galle ba ta kai tsayin da na zata ba.
Faɗi gare ta.
Ciyawa ta rufe mata baya kamar tabarmar da aka manta a waje,
masoya sun ɓuya biyu-biyu ƙarƙashin lema,
ƙafafu huɗu kawai kake gani.
In ka sunkuya ka duba jikin ginin,
ga murjani, ga ɓawon kifi a cikin farar ƙasa:
da ƙashin teku aka yi wa teku katanga.

Hagu ruwa, har inda ido ya gaji.
Dama jan rufi a kan jan rufi,
farin masallaci mai kama da coci,
hasumiyar agogo da ba na yarda da lokacinta.
Wata igwa ta yi tsatsa, bakinta yana kallon babu kowa,
hankaka ya zauna a kanta yana cin shinkafar wani.

A lungun da bango ya yi gwiwa cikin teku
wani saurayi, Lasanta, ya ɗaga mini yatsu biyar,
kuɗin tsalle ke nan, daga sama zuwa tsakanin duwatsu.
Na ba shi rabi don kada ya yi.
Ya karɓa, ya yi dariya, ya yi tsallen.

Sai Piyadasa, mai ɗanyen mangwaro.
Gishiri, barkono, wuƙar da wasawa ta cinye rabinta.
Yana fere yana magana, bai dube ni ba:

Turawa kashi uku suka riƙe wurin nan bi da bi.
Ba su suka ɗauki dutsen ba, ka gane.
Don a tsare mu a waje aka gina shi.
Amma ranar da teku ta zo,
safiyar Lahadi ce, ina nan inda kake tsaye.
Sai da ta ja baya tukuna,
kifi yana birgima a yashi, yara suna gudu su ɗiba.
Da ta dawo, ta dawo a tsaye.
Ta bugi bangon nan, bango ya ce a'a.
Ta rabu biyu, ta kewaya.

Ya nuna da tsinin wuƙa, can bayan filin wasa,
inda motocin haya ke haƙi da hayaƙi.

Somalata tana can, da tukunyar kindirmo,
za ta kai wa ƙanwarta.
Taku ɗari huɗu da sha ɗaya daga ƙofa.
Na ƙirga. Ina ƙirgawa duk shekara.
Wani lokaci yakan zo da tara, ƙafa ta tsufa, lissafi ya ruɗe.

Ya miƙo mini mangwaron a takardar jarida.
Barkonon ya yi yawa. Na gode masa da hakan,
ya ba idona abin fakewa.

Rana ta faɗa ruwa ba ta yi ƙara ba.
Fitilar hasumiya ta fara lalube.
Masu lema suka naɗe lemarsu, ashe yara ne ƙanana.

Na mai da takalmi, na sauko, na bi ta ƙofar
mai sanyi da warin jemage,
na fara: ɗaya, biyu, uku.
A ɗari biyu da wani abu
keke mai ƙafa uku ya kusa kwashe ni,
direban ya zage ni da yaren da ban sani ba,
lissafin ya zube a kwalta.

Na waiwaya.
Daga nan ƙasa ganuwar tana da tsayi.
A samanta wani ɗan ɗigo yana tattara tire.