Yaɓen Ciki

Shekara arba'in ina toshe ɓarakar katangun Kwarbai,
ban san ni ma za a yi mini yaɓe ba.

Turmin hagu ne, ya sha rake har ya gaji.
A Shika suka tumɓuke shi ran Talata,
ya faɗa tasa, ƙwal, kamar tsakuwa.
Harshena ya je gaisuwa, ya tarar da kango.

Dakta Balaraba ta ce: Baba Tanimu,
gurbin da aka bari zaizayewa yake,
kamar gindin bango a tsakiyar damina.
Na ce: 'yar nan, wannan karatuna ne.

Ta buɗe 'yar kwalba.
Garin ƙashi, fari, bai cika cokalin shayi ba.
Na ce na wane ne?
Ta ce na saniya, an gasa, an tsarkake.
To. Na daɗe ina cin namanta,
yau ta ba ni aron tubali.

Ta cusa, ta danna, ta ɗinke,
hannu ba rawa.
Da yaron aikina ce, da na ƙara mata kuɗin yini.

Wata huɗu, in ji ta, kar a ɗora komai.
Na sani. Ɗanyen gini ba ya ɗaukar azara.

Ga ni ƙofar gida da kunu mai sanyi,
goro na aljihu yana jirana.
Can ƙasan dasashi kuwa, shiru,
wani magini da ban taɓa gani ba
yana haɗa ƙashina da na saniya,
ba tsani, ba cebur,
bai kuma ce a biya shi ba.