Jimar Ido

Daren da aka fita duban watan azumi
Barira ta ce ita huɗu ta gani.
Aka yi ta dariya a ƙofar gida,
ladan Tasi'u ya ce, to wanne za mu ɗauka?
Har da ni a masu dariyar.
Allah Ya yafe mini.

Tun tana aji uku take murzar ido
da bayan hannu, da gefen mayafi,
kamar mai wanke ƙwarya.
Uwarta ta ce kwalli, aka sa kwalli.
Gilashi uku muka yanko cikin shekara biyu,
kowanne ya yi wata shida ya zama ado.
Fitilar babur da dare ta fito mata da jela,
rubutun allon makaranta ya haifi 'yan biyu.

Ranar kasuwar Gujungu na sayar da fatu arba'in
da tunkiyar da ba tawa ba ce ni kaɗai,
muka kama hanyar birni.

Likitar ba ta kai ƙanwata ba a haife.
Ta juyo mini da hoto mai ja da kore,
ta ce, Baba, ga tantanin gaban idonta.
Ya kamata ya kwanta kamar faifai,
ga shi ya yi tsini kamar malafa.
Ya sirance, zarensa ya saki,
kuma kowace susa ƙara tura shi take.
Ta ce, ka ji ni da kyau:
abin da ya tafi ba ni da ikon dawo da shi.
Tsayar da shi zan yi inda ya kai.

Na ce, da me?
Ta ce, a kankare saman kaɗan,
a ɗiga magani ruwan ɗorawa har ya sha,
a haska masa wani haske,
sai zare ya kama zare.

Na yi shiru. Sannan na ce, jima ke nan.

Shekara talatin da ɗaya hannuna na cikin ruwan bagaruwa.
Na san ɗanyar fata:
ja ta nan, ta bi ka; bar ta, ta lalace.
Na san ranar da take shan ruwan
ta tsaya da ƙafarta, ta daina bin kowa.
Na kuma san inda wuƙar mahauci ta zame,
jima ba ta toshe shi.
Sai dai ramin ba ya ƙara faɗi.

Ta ajiye biro ta dube ni.
Ta ce, da kai zan riƙa zuwa aji.

Awa ɗaya ba ta cika ba.
Na zauna a benci ina jin warin hannuna,
karo na farko da na ji kunyarsa,
karo na farko kuma da na gode masa.

Kwana uku ba ta ga rana ba.
Hawaye kamar an yanka albasa a cikin kanta.
Yayarta Sahura ta kwana riƙe da hannuwanta biyu,
in barci ya ɗauke su, uwar ta karɓa.

Wata shida muka koma.
Hoton jiya da na yau, babu bambanci.
Likita har da tafi.
Ban taɓa ganin mai murna
don abu bai motsa ba.

Na hagu aka yi. Na dama yana jiran fatu.

Bana da aka fita duban wata
na ce da ita a hankali, nawa?
Ta rufe ɗaya da tafin hannu,
ba ta murza ba, na lura.
Ta ce, huɗu, Baba. Na bara ne.
Ba su ƙaru ba.