Kunnuwa Huɗu a Gonar Armelle

A Normandi, bayan an gama tsinkar tuffa,
na tuƙa tsohuwar motata zuwa gonar Armelle.
Saura biyu cikin bakwai, ta ce,
'yan kwikwiyon baset, mace da namiji.

Namijin ya taho da gudu,
ya taka kunnensa na hagu, ya kifa,
ya tashi yana hararata kamar ni na sa masa ƙafa.
Macen ba ta bar kan ciyawa ba,
hanci kawai ta ɗaga,
ta shinshino ni daga takalmi har aljihu
inda guntun cuku ya kwana.

Armelle ta ce: shi ɗanko ne, ba ya rabuwa da mutum,
ita kuwa sai ta ga dama take jin kira.
Ɗana Thibault ya bugo daga Rouen:
Baba, ɗauki namiji ka huta.

Na yi shiru.
Shekara arba'in da ɗaya na yi da Ghislaine,
ba ta taɓa amsa kiran farko ba.
Tun watan Maris kujerarta ke kallon murhu
ita kaɗai.

Na durƙusa, gwiwa na ƙara.
Namijin na tauna igiyar takalmina.
Macen ta yi hamma, ta miƙe
kan ƙafafun da aka tauye wa mudu,
ta wuce ni, ko kallo babu,
ta je ta zauna gindin ƙofar mota
tana jira in gama shawarata.